Nauyin Renita

Sikelin ɗakin awo ya ƙi karɓar ƙanwata. Renita ta hau, lambobin suka yi ta rawa, can suka ɗauke ɗif. Ta sauko, ta tuɓe takalmi, ta sake hawa. Haka dai.

"Kin ga ya suma," ta ce wa nas ɗin. "A yayyafa masa ruwa."

Nas ɗin ba ta yi dariya ba. Ta ce mu biyo ta. Muka ratsa ta gaban matan da ke jiran layi, muka bi wani dogon lungu mai warin sabulu har bayan asibitin, inda ake auna buhunan zannuwan gado kafin motar wanki ta kwashe su. Wani faffaɗan ƙarfe ne shimfiɗe a ƙasa. Maza biyu masu tura kaya suka ja gefe, suka kama kallon bango.

"Hau nan."

Renita ta hau, ta rungume jakarta a ƙirji. Laba ɗari huɗu da ɗoriya. Nas ta faɗi lambar a fili, ta rubuta a bayan hannunta, ta juya ta yi gaba.

A hanyarmu ta komawa gida Renita ba ta kunna rediyo ba, ita da ba ta iya zaman mota shiru. Sai da muka bar birni, gonakin auduga suka fara bayyana, sannan ta yi magana, fuskarta na kallon taga.

"Yaya Dorita, kada ki gaya wa Alton inda aka auna ni."

* * *

Ni ce babba. A gidanmu duk manya ne. Mama Verlean ta rasa ƙafar hagu saboda ciwon suga, ni kuma sai da aka ja kujerar motar makarantar da nake tuƙawa har ƙarshe kafin cikina ya bar gogar sitiyari. A garinmu na bakin kogin Mississippi wannan ba abin magana ba ne. Kantin cefane ɗaya da muke da shi ya rufe tun Renita na sakandare. Abin da ya rage shi ne gidan mai, sai kantin araha mai lemon kwalba da biskit da abincin gwangwani. A gidan man nan Renita take aiki, tana suyar kaza da tarwaɗa tun safe, abin da bai ƙare ba kuma a ba ta ta tafi da shi gida.

Ta sha gwada ragewa. Ta sha shayin da aka ce yana narkar da kitse, ta yi wata guda ba ta taɓa burodi ba, ta yi tattaki a filin ƙwallon makaranta har gwiwoyinta suka kumbura. Abin ya sauka kaɗan, ya dawo da rakiya. Daga baya ta koyi riga kowa yi wa kanta ba'a, don in ta fara, babu sauran abin da wani zai ƙara. Ranar Lahadi kuwa, in ta tsaya a gaban mawaƙan cocinmu ta buɗe baki, babu mai tuna girman jikinta.

Mijinta Alton siriri ne dogo, yana aiki a tafkunan kiwon tarwaɗa. In sun jera a hanya mutane su ce ga lamba goma nan tafe. Shi dai murmushi yake yi, ya ƙara riƙe hannunta. Sun yi shekaru suna neman haihuwa, ta yi ɓari sau biyu. Wannan cikin na uku ba ta ma san da shi ba sai da ya kusa wata biyar, domin al'adarta dama ba ta da tsari, jikin kuma bai nuna komai ba. Motsi ta ji wata rana tana juya kaza a cikin mai, ta ɗauka iska ce.

Asibitin garinmu ya daɗe da rufe ɗakin haihuwa. Likitan garin da ke kusa ya ce ba zai iya karɓarta ba, ba su da gadon da zai ɗauke ta, ba su da mai allurar barcin da zai yarda ya taɓa ta. Sai birni, tafiyar awa biyu. Duk ranar awo nakan ajiye aiki in kai ta.

* * *

Ranar hoton ciki, matar da ke riƙe da na'urar ta yi ta dannawa har Renita na cije leɓe. Can ta dube ni.

"Zo ki ɗaga min nan. Ba na ganin komai, kitse ya tare."

Na sa hannu biyu na tallafe cikin ƙanwata sama, kamar mai ɗaga katifa. Renita ta kafa wa rufin ɗakin ido.

Likitar da ta gan mu ranar, wata dattijuwa mai suna Dakta Pruitt, ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. Ita kaɗai ce ta taɓa zama. Ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce suganta ya hau, kuma zai sa jaririn ya yi girma fiye da ƙarfinsa. Jininta ma yana hawa. Da wuya ta haihu da kanta, sai an yi aiki, aikin kuma a jiki irin nata yana da wuya, ciwon yana jinkirin warkewa, jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa ya tafi huhu.

Renita ta saurara har ƙarshe. "To Likita, akwai abin da ke tafiya daidai?"

"Akwai. Zuciyar na bugawa da kyau. Mace ce."

Renita ta rufe fuska da tafukanta, ta yi dariya da kuka a haɗe.

Ba mu sake ganin Dakta Pruitt ba. Duk zuwa sabuwar fuska, kuma kowace fuska da zance ɗaya take farawa. In Renita ta ce kanta na sarawa, sai a ce ƙiba. In ta ce bayanta, ƙiba.

"Yaya, ko da harsashi na zo a kafaɗa, cewa za su yi in rage cin dankali," ta ce min wata rana a mota.

Ta yi ƙoƙari, ni shaida ce. Safe da yamma tana huda yatsa tana duba suga. Alton ya nome bayan gida ya shuka mata kuɓewa da ganye, don mai sayar da ɗanyen ganye mafi kusa sai an yi tafiya mai nisa. Amma ranar Lahadi a gidan Mama ake cin abinci, Mama kuma ba ta san wata hanyar nuna ƙauna ba. Daga kan keken guragunta take ba da umarni.

"Zuba mata makaronin nan da cuku. Wannan ganyen da take tsakura ko zomo ba zai ƙoshi ba."

"Mama, likita ya hana."

"Likita ya taɓa ɗaukar ciki? Abin da ke cikinki ma yana da baki. Ni da burodin masara da kitsen alade na haife ku, ga ku nan."

"Ga mu nan kuwa," in ji Renita, tana kallon inda ƙafar Mama ta ƙare. Mama ta juya kekenta ta shige ɗaki. Renita ta bi ta da farantin a hannu, kuma na san ta cinye shi a can don a shirya.

Sau biyu ta ƙi zuwa awo. Ta ce maigidan aikinta ya hana, amma na san sikelin bayan asibiti ne. Na kuma tsinci kwalaben lemo a ƙarƙashin kujerar motarta, na zube mata su a gabanta.

"So kike ki kashe kanki?"

"Ke ma yanzu kin zama su?" Muryarta ba ta tashi ba. "Tun asuba nake tsaye kan mai, ƙafafuna kamar turame. Abu ɗaya mai sanyi nake sha in ji ni ma mutum ce. Ke da kike faɗa, dubi jikinki."

Na duba. Na kwashe kwalaben na zuba a shara, ba mu ƙara tayar da zancen ba.

* * *

Cikin bai cika wata tara ba fuskarta ta kumbura har idanunta suka shige. Na kai ta birni, suka riƙe ta, suka ce ranar za a ciro. Mai allurar kashe zafi ya yi ta sokar bayanta yana laluben ƙashi bai samu ba, ƙarshe suka sa ta barci gaba ɗaya. Ni da Alton muka zauna a waje. An ce aikin ba ya daɗewa, amma rana ta karkata kafin wani ya fito. Ta zubar da jini da yawa, in ji shi, sai da aka ƙara mata. Tana raye.

Jaririyar kuwa aka wuce da ita ɗakin kwalba. Da muka leƙa, ita ce mafi girma a ɗakin, kumatu cike, cinyoyi da ninki, a tsakiyar 'yan mitsi-mitsin bakwaini. Amma ita ce numfashinta ya fi wahala. Suganta ya faɗi, huhunta bai gama ƙwari ba. An sa mata roba a hanci, ƙirjinta na lotsawa yana tasowa. Alton ya dafa gilashin da yatsunsa masu kaushin igiyar koma.

Sai washegari aka tura Renita a keke ta gan ta. Ta zura hannu ta ƙofar kwalbar ta shafa tafin ƙafarta.

"Marva," ta ce. "Sannu da zuwa. Ke ma dai tamu ce, dubi cinya."

Bayan 'yan kwanaki suka sallame ta, suka riƙe Marva. Suka ce ta riƙa tattaki, ta kuma riƙa yi wa kanta wata allura mai hana jini daskarewa. Mai kantin maganin garinmu ya duba takardar ya ce ba shi da mai ƙarfin da ya dace da nauyinta, sai sabon mako. Tattaki kuwa, da ɗinki daga wannan kwiɓi zuwa wancan, a ƙarƙashin ninkin cikin da ba ya bushewa, daga gado zuwa banɗaki ma sai Alton ya tallafe ta. Yawancin yini a zaune take, tana tatsar nono a 'yan jakunkunan roba, ta rubuta kwanan wata da sunan Marva a jiki, Alton ya sa a firiza. In ya samu hanya ya kai wasu birni.

Ranar Asabar na same ta tana murza sha-raɓar ƙafarta ta dama. Ƙafar ta fi 'yar'uwarta kumburi, ga zafi. Magana ma sai ta yanke ta ja numfashi.

"Tashi mu tafi."

"Yaya, ba komai ba ne. Kwanciya ce."

"Tashi na ce."

A sashen gaggawa na asibitin garinmu kujerun duk masu hannu ne, babu wadda za ta ɗauke ta. Ta jingina da bango tana haki har aka kira mu. Abin awon jini bai zagaye damtsenta ba, suka ɗaura a gaban hannu, suka ce lambar ba abin dogaro ba ce. Likitan baƙo ne, irin waɗanda ake turowa su yi ƙarshen mako su tafi. Ya sa abin sauraro a bayanta ta saman riga.

"Da wannan jikin, ga aiki an yi miki, dole ki yi haki."

"Likita, ƙafarta fa," na ce. "A birni an ce mana jini na iya daskarewa."

Ya dubi ƙafafun daga inda yake tsaye. "Duk biyun a kumbure suke. Bayan haihuwa haka ne. Na'urar hotonmu ma ba za ta ɗauke ta ba. Ta ɗora ƙafa a kan matashi, in bai lafa ba ta koma wurin likitanta ranar Litinin."

"Ka taɓa ƙafar mana. Taɓawa kawai."

Sai na ji Renita ta ja gefen rigata. "Yaya, bari. Kada su ce mun cika fitina." Ta yi wa likitan murmushi. "Mun gode, Likita."

* * *

Lahadi da rana ina fitowa daga coci wayata ta yi ƙara. Alton ne. Ban gane abin da yake faɗa ba, sunanta kawai na ji.

Na same ta a ƙasa, a matsattsen lungun da ke tsakanin banɗaki da ɗakin kwana, kafaɗunta na taɓa bango biyu. Leɓunanta sun yi toka. Idonta biyu, tana jan iska kamar mai shan ruwa da tsinke. Motar asibiti ta iso da maza biyu. Suka sa mata robar iska a fuska, suka dubi lungun, suka dubi juna. Ɗaya ya fita ya yi waya a turo 'yan kwana-kwana su taimaka. 'Yan kwana-kwanan garinmu 'yan sa kai ne, ranar Lahadi kuma kowa yana cocinsa ko teburin uwarsa.

Muka jira. Na durƙusa wajen kanta ina share mata gumi. Alton ya ɗauko guduma da ƙarfen ɓamɓare taya, ya hau ƙofar gidan don a sami hanyar fitar da ita. Ya cire ƙyauren, ya ɓalle katakon gefe, yana duka yana haki, jini na zuba daga yatsansa bai sani ba. Ƙarar ta fito da maƙwabta. Kafin mutanen su taru, titin ya cika da masu kayan coci, huluna da farin takalmi, sun yi cirko-cirko a bakin ciyawa. Na ga wata ta ɗaga waya.

A kan tamfol suka ja ta. Maza shida, uku a kowane gefe, suna nishi suna ba juna umarni. Rigar barcinta ta naɗe sama. Ta zame robar daga bakinta, na sunkuya na ɗauka zancen Marva za ta yi.

"Yaya, rufe ni."

Na yaye mayafin kafaɗata na rufa mata. Da suka zo matakalar baranda ɗayansu ya yi tuntuɓe, ya dafe ƙugu. Shi ma ɗan garinmu ne, ya sha sayen kaza a hannunta. Renita ta juyo da ido wajensa.

"Ku yi haƙuri," ta ce. "Na ba ku wahala. Ku yi haƙuri."

Ita ce maganarta ta ƙarshe da na ji. Alton ya shiga motar da ita, ni na bi su a baya. Wajen gadar da ke bayan gari na hango ta gilashin baya mutum ya haye kanta yana danna ƙirji da hannu biyu. Yana ta dannawa har muka isa. Daga baya suka ce gudan jini ne ya taso daga ƙafa ya toshe huhu.

* * *

Akwatin gawar da zai ɗauke ta sai daga wata jiha aka kawo, don haka jana'izar ta yi jinkiri. Cocin ya cika har waje. Mawaƙa suka tsaya, suka bar gurbinta a tsakiya, waƙar ta fito ba gishiri. Bayan an dawo daga maƙabarta aka jera tebura a zauren coci, soyayyar kaza, makaroni da cuku, wainar dankalin Hausa mai suga, tulunan shayi mai ƙanƙara. Ina raba faranti na ji mata biyu a bayana.

"Ai an gaya mata. Da wannan jikin me ya kai ta ɗaukar ciki?"

"Ke dai bari. Mutum ya yi ta ci kamar ba gobe. Miƙo min cinyar can."

Ban juya ba. Na san muryoyin, da su aka yi rawa ranar bikinta. Mama na gefe a kekenta, an ɗora mata faranti a cinya, ƙuda na sauka yana tashi. Tun ranar ba ta sake cewa a zuba wa kowa ƙari ba.

Bayan jana'iza da kwana kaɗan aka sallami Marva. Ni da Alton muka ɗauko ta. Nas ɗin ɗakin kwalba ta yi mana bayanin komai, yadda za a kwantar da ita, yadda za a lura da numfashinta. Ta ce yaran da aka haifa haka sukan taso da ƙiba da suga, a sa ido tun yanzu. Alton ya gyaɗa kai. Muka shigo da ita gida ta ƙofar da har yanzu labule ne a madadin ƙyaure.

Na koma gidan da zama don in taya shi. Muna ba ta madarar gwangwani, amma sau ɗaya a yini Alton yakan ɗauko jaka guda daga firiza, ya sa a ruwan ɗumi. Ya ce a riƙa ja, kada ya ƙare da wuri. Ba su da yawa dama.

Wata safiya kafin ya tafi tafki ya buɗe firizar ya daɗe a tsaye, sanyin na fita yana lulluɓe masa fuska. Guda ɗaya ta rage, a bayan ledar wake. Rubutun Renita ne a jiki, ya ɗan karkace, kwanan watan ranar Asabar ɗin nan.

Ya narkar da shi, ya juye a kwalbar shayarwa, ya matse jakar har ɗigon ƙarshe. Ya zauna a kujerar kicin da Marva a hannunsa. Ta kama da ƙarfi, tana sha tana lumshe ido, ƙaramin hannunta na buɗewa yana rufewa a kan rigarsa. Ba ta daɗe ba ta shanye. Ta ci gaba da tsotsar iska, sannan ta saki, ta fara neman ƙari.

Na karɓe ta na ɗora a kafaɗa. Alton ya tashi ya ɗauki jakar robar, na ɗauka shara zai kai. Sai ya kunna famfo ya ɗauraye ta a hankali, yana kare rubutun da babban yatsansa kada ruwa ya taɓa. Ya kife ta a kan cokali a wurin shanya kwanuka, ya ɗauki hularsa ya fita.